M ta gaskiya da M ta sitika: abin da za ka duba kafin ka biya kuɗin BMW mai gudu

Duk mai sha'awar mota, idan kuɗi suka ɗan zauna masa, akwai ranar da Corolla da Camry za su daina burge shi. Zai koma kallon motocin da ake jin kukansu tun kafin a hango su. A wannan layin sunaye huɗu ne suke yawo a bakin samari da dillalai: M ta BMW, AMG ta Mercedes, RS ta Audi, sai F ta Lexus. Ni dai ba zan ɓoye ba, M nake so, a cikin M ɗin ma M3 samfurin E46. Zan faɗi dalilina, zan kuma faɗi inda take cizo, don kuwa tana cizo.

M ba ado ba ce da aka ƙirƙiro don jan kasuwa. A 1972 BMW ta kafa reshe na musamman don tsere, mai suna BMW Motorsport, ta ɗauko Jochen Neerpasch daga Ford ya shugabance shi. Aikinsu na farko da ya yi suna shi ne motar tsere 3.0 CSL. A 1978 suka fito da M1, mota mai inji a tsakiya wadda Giorgetto Giugiaro ɗan Italiya ya zana. Da farko da Lamborghini aka shirya ƙera ta, sai matsalar kuɗi ta taso wa Lamborghini, aikin ya yi ta jan ƙafa, ƙarshe ko 500 ba a ƙera ba. Amma injinta bai mutu da ita ba. Shi aka gyara aka dasa wa M5 ta farko a tsakiyar shekarun 1980, motar iyali mai ƙofa huɗu da ke tsere wa motocin wasanni na zamaninta. A 1993 aka taƙaita sunan reshen ya koma BMW M.

M3 kuwa dokar tsere ce ta haife ta. Kafin a bar kamfani ya shiga gasar rukunin A da wata mota, sai ya ƙera irinta 5,000 ya sayar wa jama'a. Mercedes ta riga ta fito da 190E 2.3-16, 'yar'uwar 190 ɗin nan da ta yi tashe a titunan Arewa, BMW kuma ta mayar da martani a 1986 da M3 E30, mai silinda huɗu da Paul Rosche ya tsara. A 1987 Roberto Ravaglia ya ci gasar duniya ta irin waɗannan motoci da ita. Wato an fara tunanin fagen tsere ne, daga baya aka sa mata kujerar baya da rediyo. Wannan asalin shi ake biya wa kuɗi.

E30 ta zama kayan tarihi, masu tara tsofaffin motoci sun kai farashinta inda ba ruwanmu. E36 da ta biyo baya a 1992 tana da tarko: wadda aka sayar a Amurka ƙarfin doki 240 gare ta, ta Turai kuwa ta fara da 286 ta kai 321, kuma dillali ba zai gaya maka wacce ke gabanka ba.

Sai E46, wadda aka ƙera daga 2000 zuwa 2006. Injinta S54 ne, silinda shida a jere, lita 3.2, ƙarfin doki 343 a lissafin Turai, kuma babu turbo. Ƙarfin daga juyawa yake fitowa, yana kai juyi 8,000 a minti, kowace silinda da nata maƙogwaron shaƙar iska. Shi ya sa da ka taɓa totur take amsawa, ba jira, ba jinkiri. Daga juyi 5,000 zuwa sama kukanta yakan canza ya koma wani kaifi na ƙarfe da ban taɓa ji a wata mota ba. Sitiyarinta na mai ne, kana jin abin da tayoyin gaba suke takawa a tafin hannunka. Girmanta daidai ne, ba ta cika hanya ba, kana ganin kusurwoyinta huɗu daga inda kake zaune. Akwai wani ɗan abu da nake ƙauna a agogonta: da safe fitilu ne ke kunne a gefen ma'aunin juyi, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya yayin da baƙin mai ke ɗaukar zafi, motar da kanta tana gaya maka iya inda za ka taka ta. Wanda ya tsara wannan ya san mutane, ya kuma damu da injin.

Ka nemi mai kulochi, giya shida ta hannu. Ɗaya nau'in, SMG, akwatin giya iri ɗaya ne amma famfo da kwamfuta ke taka kulochin, kuma famfon nan ba ya shiri da zafi da gosulo. Ana iya mayar da SMG ta koma ta hannu, sai dai aiki ne na ƙwararre, ka sa kuɗinsa a lissafi tun wajen ciniki.

Lalurorinta sanannu ne. Metal na sandunan fistin yana ci, har BMW da kanta ta kira wasu motocin farko-farko ta canza musu. Na'urar VANOS da ke sarrafa lokacin buɗewar bawul tana gajiya, za ka ji ƙara-ƙara a gaban injin ƙarfi kuma ya ragu. Bawul ɗin ma sai an riƙa saita su lokaci zuwa lokaci. Mafi muni shi ne ƙasan motar daga baya, wurin da gadon tayoyin baya ya kama jiki, yana tsagewa. A Jamus ma yana tsagewa, balle a hanyoyinmu masu ramuka da tudun rage gudu. Kada ka biya sai an ɗaga motar an haska wurin da tocila a gabanka.

Amma abin da na fi auna kowace mota da shi yanzu shi ne baƙin mai, don a nan na ƙone. S54 baƙin mai mai lamba 10W-60 yake sha. Wani bakanike ya yi mini juye, ya zuba mai daga galan mai kyan gani wanda daga baya aka gano an sake cika shi ne da wani abu daban. Ba a daɗe ba injin ya fara ƙwanƙwasa daga ƙasa, metal ya tafi, karanshaf ya karce. Motar ta yi watanni a gareji ana jiran kaya daga waje. Tun daga nan tambayata ta farko ga mai sayar da M ba nawa ba ce, wane mai kake zuba mata, a ina kake saye, ina rasit? Idan ya ce ai duk mai mai ne, ka yi masa sallama. Jabun baƙin mai ya cika kasuwa, galan na asali ake tsincewa a sake ɗurawa a liƙe murfi. Ka saya wurin babban dila, ka tsaya a zuba a idonka, ka fasa galan ɗin kafin ka bar wurin.

Idan E46 mai lafiya ta gagara, kuma tana gagara saboda dokar kwastam ta sa iyaka ga shekarun motar da za a shigo da ita, to M3 ta 2007 zuwa 2013 ita ce ta biyu a wurina, wato E90 mai ƙofa huɗu da E92 mai ƙofa biyu. V8 ce, wato silinda takwas, lita 4, ƙarfin doki 420, tana juyawa har sama da 8,000. Ita ma 10W-60 take sha, ita ma tana cin metal, ga na'urorin buɗe totur guda biyu da haƙoransu ke cinyewa. Fetur kuwa, tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, sai mai ƙarfin aljihu. M3 F80 ta 2014 ta fi su duka gudu, amma turbo biyu gare ta, turbo kuma ya fi kowa jin haushin fetur maras kyau. Waɗannan injina an tsara su ne da fetur mai lamba 98 a rai, wanda ba shi muke samu a gidajen manmu ba, kuma ba mu manta da gurɓataccen man da ya shigo ƙasar a Fabrairun 2022 ba. Duk F80 da aka ce an ƙara mata ƙarfi ta kwamfuta, ka bar ta. M5 E60 mai V10 kyan ɗan maciji ce.

AMG tana da tarihi, tun 1967, kuma C63 mai V8 lita 6.2 tana da ruri, sai dai cin tayar baya ta fi iyawa. RS ta Audi nauyinta duk a hanci yake, kuma ƙaramin gyara sai an kwance gaban motar. IS F ta Lexus ba za ta ba ka ciwon kai ba, ba kuma za ta hana ka barci don ɗokin wayewar gari ba.

Yanzu ga maganar da ta fi duk wannan muhimmanci. Mafi yawan M da kake gani a titi ba M ba ne. Tambarin nan mai ratsi uku ana sayar da shi a Ƙofar Ruwa da Panteka da Apo da Ladipo, haka bamba da madubi da salansa mai baki huɗu. Mai gyaran jiki da mai fenti za su mayar da 318i ta koma M3 a ido cikin mako guda. Wanda ya yi wa motarsa kwalliya don jin daɗinsa bai yi laifi ba. Laifin yana wurin wanda zai sayar maka da ita a farashin M yana rantsuwa.

Ka fara da lambar shasi. M3 da M5 na gaskiya da WBS suke farawa, BMW ta yau da kullum galibi da WBA. Ka duba ta jikin gilashin gaba, da ta jikin ƙofa, da wadda aka buga a ƙarfe cikin bonet, ka sa a jona kwamfuta a karanto wadda ke ƙwaƙwalwar motar. Duk su zama ɗaya, su kuma dace da takardar kwastam. Idan wurin da aka buga lambar ya fi kewayensa sabon fenti, ko akwai alamar walda, ka tashi.

Akwai ƙarairayin da ba sa buƙatar kwamfuta. BMW ba ta taɓa sayar da M3 E46 mai ƙofa huɗu ba, mai ƙofa biyu ce kawai da mai buɗaɗɗen rufi. E46 da E90 da E92 na M ba su zo da giyar otomatik irin ta sauran BMW ba, kuma a sandar giyarsu ba za ka ga jerin P da R da N da D da ka saba gani ba. Ka buɗe bonet: injin M lambarsa da S take farawa. A E92 rufin baƙin zaren kabon ne idan ba ta da tagar sama, masu cuta kuma leda mai zanen kabon suke shimfiɗawa, ka bi gefen rufin da farce za ka ji bakinta.

Sai ruɗanin da BMW da kanta ta jawo. Akwai ƙunshin kwalliya na M Sport daga kamfani, za ka ga M a sitiyari da dokin ƙofa, amma injin na talakawa ne. Akwai kuma irin su M235i da M340i da M550i, motoci masu kyau da gudu, amma ba M2 ko M3 ko M5 ba ne, lambar shasinsu ba WBS ba ce, kuma bai kamata a sa musu farashin M ba. Dillalai sun san wannan sarai, suna dai fatan kai ba ka sani ba.

Ko M ɗin ta gaskiya ce, saura tarihinta. Da yawa daga gwanjon kamfanonin inshora na Amurka suke fitowa, wasu hatsari, wasu ambaliya, irin ta guguwar Harvey a Houston a 2017 da Ian a Florida a 2022. Ka sa lambar shasin a intanet, sau da yawa hotunan ranar gwanjon suna nan, ka kuma biya kuɗin rahoton tarihin mota na Carfax. Ka ɗaga kafet ka nemi busasshen taɓo, ka duba tsatsa a layin da kujera ke tafiya, ka shinshina but. Motar da aka cika da turare tana ɓoye wani abu. Kilomita ma ana mayar da ita baya, don haka ka kwatanta lambar agogo da yadda sitiyari da fedar birki da gefen kujerar direba suka goge. Ba a cinikin biri a sama: kada ka tura kafin alƙalami saboda bidiyon WhatsApp. Ka tuna kuma a ranar 1 ga Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, saboda haka motar da aka ce 'yar Kwatano ce sai ka kai takardunta ofishin kwastam an tantance.

Ranar gwaji ka je da sassafe, ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso, ka dafa injin ka tabbatar da sanyi yake, domin ƙarar metal da ta VANOS a lokacin suka fi fitowa. Ka lura duk fitilun gargaɗi sun kama da ka murɗa makulli sannan su mutu, saboda akwai masu cire ƙwan fitilar don kada ta tona asiri. Ka je da bakaniken da ya taɓa buɗe injin S da hannunsa, wanda kai za ka biya, ba wanda dillali ya kawo ba. Idan an yi ciniki, kafin ka fara taka ta a canza metal da baƙin mai da famfon ruwa, a duba lagireto, kuɗin wannan aikin kuma ka cire shi daga farashin tun a teburin ciniki.