lme4, nlme ko mixed na Stata: me ya raba sakamakonsu, kuma wanne ya dace da bayanan awon yara?

Wata 'yar'uwa ta kawo tambaya: tana da bayanan yara 540 daga asibitoci 18, yara 30 a kowane asibiti, kuma an auna nauyin kowane yaro sau shida, wata-wata. Asibitoci tara suna ba da sabon shirin ciyarwa, tara suna kan tsohon tsari. Ta gwada umarnin lmer na kunshin lme4 a manhajar R, ta gwada umarnin mixed a manhajar Stata, alƙaluma ba su zo ɗaya ba, ga shi lmer ya ƙi ba ta ƙimar p. Wanne ne daidai?

Malama, babu wanda ya yi miki kuskuren lissafi. Kowace manhaja tana da abin da take ɗauka da kanta in ba a faɗa mata komai ba, kuma a nan suka rabu. Amma kafin mu jera su, ki riƙe dalilin da ya hana ki amfani da lm, wato umarnin R na samfuri mai sauƙi da bai san hawa-hawa ba, kai tsaye. Bayananki hawa uku ne: awo a ƙarƙashin yaro, yaro a ƙarƙashin asibiti. Yaran asibiti ɗaya suna sha daga rijiya ɗaya, ma'aikaci ɗaya ke ɗora su a sikeli ɗaya, don haka suna kama da juna. A ce kashi 10 cikin 100 na bambancin nauyi daga asibiti yake fitowa, wato ICC ya kai 0.1. Sai ki lissafa 1 + 29 × 0.1 (29 ɗin yara 30 ne a cire ɗaya), ki sami 3.9, sannan ki raba 540 da shi. Wajen kwatanta shiri da shiri, yara 540 ɗin nan nauyin shaidarsu bai wuce na yara kamar 138 masu zaman kansu ba. Shi lm bai san da wannan ba, sai ya ƙanƙanta kuskuren kiyasi kusan da rabi, ya nuna miki tasirin da wataƙila babu shi.

Ga samfuri guda a rubuce ta hanya uku: lme4 da nlme, waɗanda duka kunshin R ne, sai Stata. Dole bayanan su kasance a tsaye, kowane awo da layinsa, layuka 3,240 ke nan, kuma ya fi kyau ƙidayar watanni ta fara daga 0.

lme4: `lmer(nauyi ~ wata * shiri + (wata | asibiti/yaro), data = d)`

nlme: `lme(nauyi ~ wata * shiri, random = ~ wata | asibiti/yaro, data = d, na.action = na.omit)`

Stata: `mixed nauyi c.wata##i.shiri || asibiti: wata, cov(un) || yaro: wata, cov(un) reml dfmethod(kroger)`

Dubi jelar layin Stata da kyau, domin a nan amsar tambayarki take. Hanyoyin kiyasi biyu ne, REML da ML: da lmer da lme duka da REML suke kiyasi tun asali, shi kuwa mixed da ML yake yi sai an rubuta masa reml. ML ba ya cire sigogin da aka riga aka kiyasta, sai ya rage girman bambancin da ke tsakanin asibitoci, tamkar an raba jimla da 18 alhali da 16 ya kamata a raba. Da asibitocin sun kai ɗari biyu da ba za ki lura ba, amma a 18 abin yana fitowa fili. Na biyu, in kin rubuta wata a ɓangaren gungu, wato na asibiti ko na yaro, R yana kiyasta alaƙar da ke tsakanin nauyin farawa da saurin girma, Stata kuwa yana ɗaukarta sifili sai kin ƙara cov(un). Ga yara masu fama da tamowa wannan alaƙa ba abar yarwa ba ce, domin wanda ya fara da rama sosai ba lallai ya riƙa ƙaruwa da saurin wanda ya fara da ƙiba ba. Ki gyara waɗannan biyun, za ki ga kiyasin manhajojin uku ya daidaita, in ban da ɗan abin da ba a rasa ba a lambobin ƙarshe.

Batun ƙimar p ya fi buƙatar natsuwa. Douglas Bates da abokan aikinsa da gangan suka bar ta a lme4, saboda babu sahihiyar hanya guda ta ƙidaya df (degrees of freedom, adadin shaidu masu zaman kansu da gwajin ke dogara da shi) a irin wannan samfuri. Maganin yana da sauƙi: ki loda kunshin lmerTest kafin ki gudanar da lmer, summary zai fito da df ta hanyar Satterthwaite, in kuma kin ƙara ddf = "Kenward-Roger" zai yi miki ta hanyar Kenward-Roger, muddin pbkrtest yana cikin kwamfutarki. Stata yana ba da p ba tare da an roƙa ba, amma ta gwajin z, kamar kina da asibitoci marasa iyaka. Iyakar z ita ce 1.96, ta t a df 16 kuwa 2.12 ce, kuma sakamako da yawa a tsakanin nan suke faɗawa. Shi ya sa muka sa dfmethod(kroger), wanda ya shigo tun Stata 14 kuma sai da reml yake aiki.

nlme ne ya fi yaudarar mai karatu a nan, domin teburinsa yana fitowa tsaf da df da p. Ga shiri zai ba ki df 16, daidai ne. Amma tambayarki ta ainihi ita ce ko shirin ya ƙara saurin girma, wato wata:shiri, kuma wannan nlme yana jefa shi a hawa na ƙasa ya ba shi df 2,698 in babu awon da ya ɓace. Alhali asibitoci 18 ne kawai ke ba da shaida a kan wannan tambaya. Kada ki kai wannan p gaban masu duba aikinki.

Wata matsalar da ke ɓata aiki a ɓoye ita ce lambar yara. In kowane asibiti ya fara rajistarsa daga 1 zuwa 30, kuma kika rubuta (1 | asibiti) + (1 | yaro) a lmer, zai ɗauka yaro mai lamba 7 mutum ɗaya ne da ke yawo asibitoci 18. Ba zai yi miki gargaɗi ba. Ki dubi ƙasan summary inda yake faɗin adadin gungu: in kin ga yara 30 maimakon 540, to an samu matsala. Alamar / da muka sa a sama tana kare ki, haka jerin || na Stata, amma mafi aminci ki haɗa lambar asibiti da ta yaro ki ba kowa tasa. Awon da aka rasa kuwa, lmer da mixed suna jefar da wannan layin kaɗai su ci gaba da sauran awon yaron, lme kuma yana tsayawa cak sai an sa masa na.omit.

Akwai inda nlme ya yi wa lme4 fintinkau. lmer yana ɗauka ragowar kuskure ba ta da alaƙa da juna kuma girmanta ɗaya ko'ina. Yaron da gudawa ta kama a wata na biyu yakan kai wata na uku bai gama farfaɗowa ba, don haka awo biyu na kusa sun fi kama da juna. A nlme sai ki ƙara correlation = corAR1(form = ~ wata | asibiti/yaro), ko corCAR1 in ranakun awo ba su da tazara ɗaya, da weights = varIdent in warwatsuwar wani rukuni ta fi ta wani. Stata ma yana da residuals(ar 1, t(wata)). Shi kuma lme4 ya fi sauri a manyan bayanai, kuma ya fi kowa sauƙi in gungu sun sarƙe, misali ma'aikatan awo suna zagaya asibitoci daban-daban: (1 | maaikaci) kawai za ki ƙara. A nlme wannan sai an sha wahala da pdBlocked, a Stata kuma sai an bi ta _all: R.maaikaci, wanda ke jan lokaci in ma'aikatan suna da yawa.

Da asibitoci 18, ki sa ran lmer zai ce miki singular fit. Ma'anarsa wani bambanci ya faɗi sifili, ko alaƙa ta kai 1 ko −1, saboda bayanan ba su isa su ɗauki duk abin da kika ɗora musu ba. Ki duba VarCorr ki ga inda abin yake, galibi a hawan asibiti ne. Fara da cire alaƙar, ki rubuta (wata || asibiti), amma kada ki cire wata daga hawan asibiti gaba ɗaya, domin shi ke kare gwajin wata:shiri daga ruɗi. In kuma gargaɗin rashin daidaituwar kiyasi ne ya fito, ki tabbata nauyi a kilo yake ba giram ba, lokaci a wata ba kwana ba, sannan ki gudanar da allFit. In duk hanyoyin lissafin sun ba da kiyasi ɗaya, hankalinki ya kwanta.

Shawararmu ga waɗannan bayanai: ki tsaya a lme4 tare da lmerTest da Kenward-Roger, sannan ki gwada corAR1 a nlme ki ga ko kiyasin wata:shiri ya motsa. In sashenku yana da lasisin Stata kuma da shi mai duba aikinki ya saba, layin da ke sama ya wadatar in kin ƙara masa residuals(ar 1, t(wata)), tunda hakan zai haɗa alaƙar awo na kusa da Kenward-Roger wuri ɗaya. In za ki kwatanta samfura biyu da suka bambanta a tsayayyun sigogi, sai da ML: anova na lme4 yana sake kiyasin da kansa, nlme gargaɗi kawai zai yi, ke za ki sa method = "ML". In kuma za ki fitar da matsakaicin kowane shiri da kunshin emmeans, ki sani yana daina lissafin Kenward-Roger da zarar layuka sun haura 3,000, naki kuwa 3,240 ne, don haka ki fara da emm_options(pbkrtest.limit = 4000) kafin ki kira shi.