Gargaɗi ga masu neman bas mai dizal ta hannu: kilomita 88,000 dillali ya rantse min

Raina a ɓace yake, don haka ku yi haƙuri in maganar ta zo a hargitse. Wani dillalin motocin hannu da ake shigowa da su daga Japan ya damfare ni, kuma ina da labarin har yanzu yana can yana jera motoci yana sayarwa. Ba zan kama suna ba tukuna saboda magana ta kai inda ya kamata, amma hotunan hirarmu ta WhatsApp da rasit da takardar bogin da ya ba ni duk suna hannuna, zan ɗora su.

Motar Toyota Granvia ce, ƙirar 2001, mai kujera takwas, injin dizal 1KZ-TE mai turbo, lita 3. Iyalina suna da yawa, irinta na daɗe ina nema. Mita tana nuna kilomita 88,000. Ya ce 88,000, takarda ta ce 88,000, mita ta ce 88,000. Kuɗin da na yi shekaru ina tarawa na ɗauka na ba shi, rabi kafin alƙalami, rabi ranar da na karɓi makulli. Yanzu gyaran da bakanike ya lissafa min ya kai sulusin kuɗin motar. Sulusi! A kan motar da ban gama biyan bashin da na cika kuɗinta da shi ba.

Masu cewa ban duba ba, don Allah ku saurara. Ni ba baƙon mota ba ne. Na leƙa ƙarƙashinta da fitila ina neman tsatsa da yoyon mai. Na zaro sandar baƙin mai na duba. Na buɗe murfin mai ko zan ga kumfa, ban gani ba. Na tuƙa ta, giya tana shiga lafiya, turbo ba ya kuka. Na nemi takardar gwanjo ta Japan, ya miƙo min, an ba motar maki 4, wanda duk mai harkar ya san mota ce mai kyau. Me kuma mutum zai yi? Motocin Japan da yawa ba sa yin doguwar tafiya, saboda haka 88,000 bai ba ni mamaki ba.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne bonet ɗin. Da na isa na ɗora hannu a kai, na ji ɗumi. Na ce masa, Malam, an tayar da ita ne? Ya yi murmushi ya dafa kafaɗata ya ce, “Yallaɓai, na ɗumama maka ita ne don kada ka tsaya jira. Ga makulli, je ka duk inda kake so, in ka ga aibu ko ɗaya ka dawo min da abata.” Kalma-kalma haka ya faɗa. Na ɗumama maka ita. Ina kwance da dare sai in ji muryarsa. Wa zai zargi mutumin da ya danƙa maka makulli ya ce je ka? Na tambaya fa, ba wucewa na yi ba, na tambaya ya amsa yana kallon idona.

Ashe injin dizal mai ciwo da sanyin safiya yake tona kansa. Lokacin ne yake wahalar tashi, ya yi ta karkarwa, salansa ta yi ta fitar da farin hayaƙi. In ya yi zafi duk sai ya lafa. Shi ya san haka, shi ya sa ya riga ni.

Tsaya, na tsallake wani abu. Kafin ranar ma, lokacin da na biya rabin farko, na ce zan zo da bakanikena. Ya ce ba damuwa, amma akwai wani mai saye da zai kawo kuɗi gobe, in ina so in riƙe ta da kafin alƙalami. Ko bayan gwajin ne ya yi maganar mai sayen? Zan duba saƙonnin, ranakun suna ciki. Ko ma dai yaya ne, rabin kuɗina ya riga ya shiga hannunsa kafin bakanike ya ga motar, kuma duk ranar da muka sa sai ya ce yana tashar jirgin ruwa yana fitar da kaya.

Ba a daɗe ba, muna kan hawa da yara a ciki, allurar zafi ta tashi. Ruwan lagireto yana ta tuttuɗowa, tiyo ya yi tauri tamau. Bakanike ya buɗe murfin lagireton bayan ta huce, ya tayar, sai ga kumfa tana ta tasowa. Kan injin ya tsage. Kan wannan injin na alminiyam ne, jikinsa ƙarfe, kuma duk injin da aka bari ya tafasa haka zai iya yi, motar ba ta da laifi. Laifin na wanda ya san ya tsage ya zuba maganin toshe yoyo a cikin lagireto don ya riƙe na ɗan lokaci. Da aka zubar da ruwan mun ga dasƙararren maganin da idonmu, ya toshe rabin hanyoyin lagireton. Baƙin man ma sabo ya zuba, shi ya sa na ga murfin tsaf.

Sai kuma takardar da ta gama kashe ni. A Japan in an canza bel ɗin taimin, wato bel ɗin da ke daidaita motsin sassan inji, ana manna ’yar takarda a jikin inji, a rubuta rana da kilomita. Dillalin ya kankare ta, amma bai kankare duka ba. Bakanike ya goge wurin, muka karanta: shekara ta 24 a lissafin Heisei, wato 2012, kilomita 198,000. Tun 2012! Ni kuma ina nan ina lissafin saura 12,000 kafin in kai 100,000 in canza bel. Da bel ɗin ya tsinke muna gudu da yara fa? Robar feda sabuwa ce, sitiyari an sa masa riga, kujerar direba an cusa mata soso. Kyan ɗan maciji, wallahi.

Da na sa aka binciko ainihin takardar gwanjon da lambar shasi, makinta R ne, ma'ana ta taɓa yin haɗari an gyara ƙashin jikinta. Lambar shasi ɗaya, takarda biyu. Ta hannuna an goge an sake rubutawa.

Na kira shi. Da farko ya ce, “Haba Yallaɓai, ai mun zama ’yan’uwa, zan ga abin da za a yi.” Daga baya ya ce ni na tafasa ta da kaina. Daga nan ya ce shi ma haka aka turo masa. Yanzu ya toshe lambata. Mutumin da ya dafa kafaɗata ya ce in dawo masa da abarsa in na ga aibu ko ɗaya.

Ku dai: kada ku duba dizal sai inji yana sanyi. Kada sisi ya fita kafin bakanikenku ya gwada lagireto. Ku binciki takardar gwanjo da lambar shasi da kanku, ku nemi asalin takardar fitar da mota daga Japan, don tana ɗauke da kilomitan da aka rubuta a binciken mota na baya. Tawa ya ce tana hanya, har yau ba ta iso ba.

In akwai wanda aka taɓa ce wa “na ɗumama maka ita”, ko aka nuna masa takarda mai maki 4 da rubutu a karkace, ya yi min magana ta sirri mu haɗa hujjojinmu. Hoton mitar mai 88,000 da na takardar mai 198,000 zan sa su gefe da gefe da zarar an ba ni izini.