Sayen sababbin sifanu da soket a Suame Magazine, abin da na ɗauka da abin da na bari

Duk wanda yake Kumasi yana son sayen sababbin kayan aiki na hannu, sifana ce, soket ne (ƙoƙon ƙarfe da ake kifawa a kan noti a murɗe shi), sukundireba ne ko filaya, na gyaran mota ko na ƴan gyare-gyaren gida, shawarata ya shiga Suame Magazine, unguwar nan ta masu gyaran mota da masu sayar da kayanta, kuma don Allah kar ya yarda a ɗora mishi babban akwatin nan mai kaya ɗari da wani abu. Ya sayi kaɗan masu kyau waɗanda suka dace da motarshi da gidanshi. Akwai wani shago da nake saye a ciki, ta ɓangaren hanyar Offinso in ka wuce randabawul ɗin Suame, shi nake so in yi magana a kai, alherinshi da kuma inda ya gaza.

Wajen shiga dai sai haƙuri. Daga Aboabo ko Asawase ba wani nisa ba ne amma go-silo ɗin Suame kowa ya san shi, balle tun da aka fara aikin gadar sama a 2022, ga trotro, wato motocin haya na fasinja, ga aboboya masu ƙafa uku na ɗaukar kaya, ga manyan motoci da aka zube a gefen titi ana kwance musu inji. Shagon ba shi da wajen ajiye mota ko kaɗan, gara ka bar taka a gida ka hau trotro ka ƙarasa da ƙafa, kuma ka je da safe kafin rana ta yi.

Mai shagon dattijo ne Asante, kowa Masta yake ce mishi, amma yaron da ke tsaye a kanta ɗan zango ne, Hausa ras a bakinshi, saboda haka ba ka da matsalar yare. Abin da ya fara jan hankalina shi ne wani bais na ƙarfe, abin da ake matse ƙarfe a ciki ya riƙe shi, da suka ɗaure a kan benci a bakin ƙofa, da tsofaffin noti da bolt iri-iri a cikin gwangwani. Ka zaɓi sifana, za su ce ka gwada ta a nan kafin ka biya. Wallahi wannan kaɗai ya isa ya sa in koma, don a wurare da yawa a Adum ko Kejetia kaya na cikin leda a manne, ka ce za ka buɗe a ce sai ka biya tukuna.

A kan bencin nan na ga bambanci da idona. Yaron ya ɗauko sifana 14, wato mai bakin milimita 14, daga cikin akwatin araha marar suna, ya sa a kan noti, ka riƙe ta ka ɗan girgiza za ka ji tana wasa, kaf-kaf, akwai rata tsakanin bakinta da notin. Ya ɗauko wata mai ɗan tsada, ita ma 14, ta shiga ɗaf ba motsi. Ratar nan da ka raina ita ce ke cinye kusurwar noti har ya zama dunƙule, in ya zama dunƙule kuma sai an kira mai walda ko a sa kurfi da guduma, aikin minti biyar ya koma na yini. Ya nuna min wata tsohuwa da wani ya dawo da ita, irin ta araha ɗin, bakinta ya wage kamar bakin tsohon takalmi. Araha ba ta ado, a kan ƙarfe kam gaskiya ne.

Kayan da ke shagon kashi uku ne in ka lura. Akwai marasa suna na cikin akwatin roba, akwai na tsakiya irin su Ingco da Total da Tolsen, duk ƴan Chana ne kuma su ne suka cika kasuwa yanzu, sai kuma ƴan kaɗan na sama da ya kulle a cikin gilas irin su King Tony na Taiwan. Ni na tsakiya na fi ɗauka, don ni ba fita ba ne, wato makaniki, ba kullum nake ƙarƙashin mota ba, wanda yake ci da wannan sana'a shi ya kamata ya kalli na cikin gilas. Za ka ga an buga Cr-V a jikin kusan kowace sifana, wato ƙarfe ne mai haɗin kurom da banadiyam, amma kar rubutun ya ruɗe ka, na banza ma suna bugawa. Ka duba lambar, an buga ta ta nutse a cikin ƙarfen ko fenti ne kawai wanda zai goge, ka shafa gefen ka ji ko akwai kaifi-kaifi da ba a goge ba, sannan ka gwada a kan noti.

To yanzu maganar da ta fi damuna, lamba. Mutanenmu da yawa suna cewa motata daga Amurka aka kawo ta saboda haka sai na sayi sifanun inci. A'a. Corolla, Camry, Elantra, Civic, ko daga ina jirgi ya ɗauko su notinsu na milimita ne. In ka sa 9/16 a kan noti 14 zai shiga amma da rata, don 9/16 ya ɗan fi milimita 14, kuma haka ake lalata kan bolt. Motar Japan lambobinta sanannu ne, 8, 10, 12, 14, 17, 19, 21, da waɗannan za ka yi kusan komai. Mai motar Jamus, irin masu Sprinter ɗin trotro, shi ne zai nemi 13 da 16 da 18 da kuma masu kan tauraro da ake kira Torx. Ka ga ke nan akwatin nan mai kaya ɗari rabinshi ba za ka taɓa shi ba har ya yi tsatsa, kuma abin da kake buƙata da gaske sau da yawa babu shi a ciki.

Misali tawa motar, Corolla ce ta 2010 mai injin 1.8. Kan batir 10 ne, notin zubar da baƙin mai 14, notin taya 21. Amma fulog ɗinta soket 14 yake so, dogo mai siririn jiki, alhali akwatunan nan 16 da 21 suke sakawa, 16 ɗin na tsohuwar Corolla ce ta 2003 zuwa 2008. Filtar mai ɗinta kuma ba irin gwangwanin da ake murɗewa a yar ba ce, takarda ce a cikin gida mai murfi, murfin yana son wani kofi na musamman mai milimita 64. In ka sa sarƙa ko babbar filaya ka matse murfin nan za ka iya fasa shi. Da na faɗa wa yaron motata bai tsaya dogon tunani ba ya ce, "Yaya, taka mai kofi ce, bari in ɗauko," soket ɗin fulog kuma ba su da shi a ranar sai da ya ruga maƙwabta ya karɓo. Na ji daɗin cewa bai ce min 16 ɗin zai yi ba don kawai ya sayar.

Rachet, wato hannun da ake maƙala soket a kai ana juyawa ba sai an cire shi daga noti ba, na ɗauki wanda kan da soket ke shiga rabin inci ne, mai haƙori 72. Amfanin yawan haƙori shi ne a wuri matsattse ko ɗan motsi kaɗan ka yi, digiri 5 kawai, zai kama ya juya. Masta da kanshi ya taso daga kujera da ya ga ina juya shi a kunne ina sauraron ƙararshi, ya ce min da Turancinshi haɗe da Twi wai kar in kuskura in zura faif a hannun rachet don kwance notin da ya ƙi, haƙoran ne za su zube, in sayi dogon hannu na ƙarfe zalla wanda ba rachet a kanshi. Na saya, kuma shi ne abin da na fi amfani da shi a kan taya, musamman bayan masu faci sun ɗaure noti da bindigar iska kamar ba za a sake kwancewa ba. Soket kuma masu kusurwa 6 na zaɓa, ba masu 12 ba, don mai 6 yana kama gefen noti gaba ɗaya, a kan notin da ya yi tsatsa shi ne ba ya zamewa. Wani abu kuma, soket mai ƙyalli na hannu ne, kar ka ba da aro a sa a bindigar iska, na bindiga baƙaƙe ne masu kauri, mai ƙyallin yana iya tsagewa.

Abu ɗaya da na daɗe ina juyawa kafin in biya shi ne sifanar awon ɗauri, wadda take yin ƙas in noti ya kai ƙarfin da ka saita. Tana da tsada, kusan kuɗin duk sifanun da na ɗauka in ka haɗa su. Amma notin tayar Corolla 103 Nm (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri) Toyota ta ce a ɗaure shi, ba a hau kan wilsifana da ƙafa ana tsalle ba, kuma fulog a kan injin alminiyam in ka wuce gona da iri zaren ne zai tafi. Na ɗauka ban yi nadama ba. In ka gama aiki ka mayar da ita ƙaramar lamba kafin ka ajiye don sifirin ɗin ciki ya huta.

Sai ƙafafun tsayar da mota. Wannan ba na wasa da shi kuma ina roƙon kowa kar ya yi wasa da shi. Jak na ɗaga mota ne kawai, ba na riƙe ta kana kwance a ƙasa ba. Sau nawa muke wucewa a lungunan zango mu ga yaro rabin jikinshi a ƙarƙashin tasi, motar na kan ƙaramin jak ko a kan bulon siminti, bulo kuma ba ya gargaɗi, fashewa kawai yake yi. Shagon na da masu tan 3, biyu a kwali, na duba waldarsu da kyau kafin in ɗauka. In kuɗinka ba zai kai ka sayi komai ba ka bar sifanar awo ka ɗauki waɗannan.

Na gida ba su da yawa. Guduma mai cire ƙusa, tef na awo mai mita 5, shifta guda, wato sifanar da ake ƙara ko rage bakinta, sifanar famfo, filaya ta gama-gari da mai dogon baki, zarton ƙarfe, alanki mai kusurwa shida da ake zurawa a ramin kan bolt, testa ta gwada wuta. Sukundireba ne kawai zan ɗan tsaya a kai. Wutarmu 230 ce, ba abin raini ba, saboda haka na taɓa soket ɗin bango ko suwic ka sayi mai rufin roba har kusa da baki wanda aka rubuta 1000V, kuma duk da haka ka kashe wuta daga babban suwic tukuna. Sannan masu kan kuros iri biyu ne da mutane ke haɗawa, PH da PZ, kusoshin katako da na hinjin kabad da yawa PZ ne, za ka ga ƴan ƙananan layuka huɗu tsakanin kuros ɗin, in ka sa PH2 a kai zai dinga tsalle yana cinye kan. Ka sayi PH2 da PZ2 duka, ba su da tsada.

Inda shagon ya ɓata min rai, ba a rubuta farashi a jikin komai ba. Sai ka tambaya, kuma na lura amsar tana ɗan duba shigarka, mai kaftani da makullin mota a hannu ba a faɗa mishi abin da ake faɗa wa fita mai baƙin mai a riga. Dole ka yi ciniki, kuma za a ce maka dala ce ta tashi ko da a satin sidi, kuɗin Ghana, ne ya yi ƙarfi. Na biyu, duk da kirkin yaron sai da ya fara tura min babban akwatin nan, da na ƙi ne ya koma faɗa min gaskiya, wanda bai san abin da yake so ba da shi zai fita. Na uku filayar makulli da na saya a wajensu, irin mai kama abu ta riƙe, haƙoranta sun lallace da wuri a kan bolt ɗin salansa. Na mayar, Masta ya duba ya canza min da wata mai ɗan tsada na cika kuɗi, ba gardama, amma sai da na nuna rasit. Saboda haka ka karɓi rasit, ba sa bayarwa sai ka nema. Suna karɓar MoMo, wato kuɗi ta waya.

Wasu za su ce me ya sa ba ka sayi hom-yus ba, wato kayan da aka yi amfani da su a ƙasar waje aka kawo, ai tsofaffin sifanun Jamus da Ingila da ake zubewa a ƙasa a Magazine sun fi sababbin Chana ƙarfi. Gaskiya ne akwai masu kyau ƙwarai a ciki, fita na da yake duba min mota a Sawaba da su yake aiki. Amma shi ya san ƙarfe, yana ɗagawa ya gane wadda ta buɗe da wadda aka taɓa ƙonawa, kuma yana da lokacin tona tsibi yana neman 12 yau 17 gobe. Rachet ɗin hom-yus ba ka san abin da haƙoranshi suka sha ba, sifanar awo kuwa wadda wani ya riga ya yi amfani da ita ba zan taɓa saya ba don ba yadda za ka san awonta daidai ne, kuma in ta lalace ba wanda za ka mayar wa.

Damshin Kumasi ba ya barin ƙarfe, damina biyu muke yi a shekara, saboda haka ka nemi akwatin ƙarfe ko na roba mai murfi mai kyau, ka dinga goge kayan da tsumma mai ɗan mai kafin ka rufe, kar ka bar su a but ɗin mota inda ruwa ke shiga. Soket 10 da sifana 10 kuma ka sayi bibbiyu tun a shagon, ana sayar da su ɗai-ɗai, su ne ke faɗawa cikin inji su ɓace, su ne kuma maƙwabci zai aiko yaro ya ce Baba ya ce a ba shi aro.