Katanga, gabiyon ko jema: me za ka saya wa bakin garkarka?

Duk mai garka a bakin tabki, ko a Gidimuni ko a kwarin Korama da ke yankin Damagaram, ya san yadda abin yake: damana ta wuce, ka je ka tarar gaɓa ta matso taku biyu, mangwaron da ke bakin ruwa saiwarsa na lilo a iska. Tun da ruwan Satumbar 2024 ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni, mutanen Damagaram sun daina raina ruwan sama. Saura sanin inda za a zuba kuɗi.

Kafin ka je kasuwa, tsaya ka dubi ruwan da ke cin ƙasarka. Mai gudu ne, irin na kwari da ke zuwa da ƙarfi bayan hadari, ko kwantacce ne da iska ke kaɗawa yana lasar gaɓa a hankali? Maganinsu ba ɗaya ba ne.

Katangar siminti ita ce ta fi shiga ido, ita ce kuma na fi nadamar saye. Na taɓa biyan wani magini ya yi mini ita a garkar mahaifina. Ta yi kyau shekara biyu. Ruwa in ya bugi bango ba ya mutuwa, ƙasa yake nutsawa ya ƙwaƙule gindi, na bayan katanga kuma ya rasa mafita ya yi ta turo ta. A damana ta uku ta kwanta gaba ɗaya kamar an ture ta da hannu. In dole sai ita, saboda gida ko rijiya na dab da gaɓa, ka tsaya a kan tushe mai zurfi da ramukan fitar ruwa, ko da magini ya ce ba sai an yi ba.

Gabiyon, wato duwatsu cikin kejin waya, ya fi dacewa da kwari. Ruwa na ratsa shi, in ƙasa ta zauna ya lanƙwasa ya bi ta. Dutse kuwa ba mu da ƙarancinsa a nan, kuɗin mota ne ke da ciwo. Wajen wayar ake cutar mutane. Ka nemi mai kauri wadda aka yi wa rufin hana tsatsa, ba ragar kaji ba, kuma dutsen ya fi idon ragar girma. Buhunan yashi na gaggawa ne kawai, ranar Damagaram na cinye su kafin shekara.

Sai kuma abin da ake kira rayayyar gaɓa: a kwantar da bakin tabkin ya zama gangare mai sauƙi, a dasa abin da saiwarsa za ta riƙe ƙasa. Ba dabarar talaka ba ce kawai. Jihar Marilan ta Amurka ta yi doka a 2008 da ta sa a fara da wannan kafin a bar mutum ya gina bango a bakin ruwa. Mu abin da muke da shi jema ce, ciyawar nan ta fadama. Saiwarta na nutsawa ƙasa a miƙe, a cunkushe kamar raga, kuma tana jure nutsewa da fari. Ana dasa ta jere bisa kwancin gangare, tazarar santimita 10 zuwa 15, da farkon damana. In ta haɗe, tana tace ruwa, laka ta taru a bayanta. Gamba tana yi a can sama inda ruwa ba ya kwana, ka samu zana a kai. Bayansu ka sa bagaruwa, wadda ba ta ƙin tsayawa cikin ruwa, majema kuma na sayen ƴaƴanta. Amma ka ja ta baya, jema ba ta son inuwa. Kachala dai, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, kada wanda ya ba ka ita ko kyauta, tabkin za ta cinye.

Aibin shuka ɗaya ne babba: shekarar farko ba ta kare komai, ita ake karewa. Sai ban ruwa, sai shingen ƙaya, don awakin unguwa ba su san ka kashe kuɗi ba.

A garkar mahaifina yanzu jeri ɗaya ne na gabiyon a gindin gaɓa, inda ruwa ke bugu, da jeri uku na jema a samansa. Dashen na samo shi a gefen fadama, na tsattsage gindi ɗaya ya ba ni da yawa. Baraguzan tsohuwar katangar ma cikin kejin suka ƙare.