Karayar Ƙashin Dunduniya: Tiyata Ko Jinya Ba Tiyata?

Yawanci daga sama ake faɗowa a dira kan dunduniya: birkila daga kan gini, mai gyaran wuta daga tsani. Kafin a fara maganar tiyata, a duba ƙashin baya, domin kusan mutum 1 cikin 10 masu wannan karaya yana da wata a can. Sannan a yi hoton siti-sikan, wanda ke nuna cikin ƙashi daki-daki. Eksire kaɗai ba ya nuna yadda gaɓar da ke ƙarƙashin idon sawu ta farfashe, kuma a kan wannan gaɓa ake yanke shawara.

Idan ƙasusuwan ba su goce ba, ko gocewar ba ta kai milimita 2 ba, jinya ta isa. A ɗaga ƙafa sama da ƙirji, a tallafe ta da siminti na rabi har kumburi ya sauka, a fara motsa gaɓa da wuri, kada a taka ta sai bayan mako 10 zuwa 12. Ɗori mai matsewa haɗari ne a nan, don dunduniya na kumbura ƙwarai, matsi kuma yana toshe jini.

Idan ƙashin ya baje, tiyata na mayar da tsayinsa da faɗinsa, a riƙe shi da farantin ƙarfe da kusoshi. In an bar shi ya haɗe a haka, dunduniya za ta yi faɗi har takalmi ya ƙi shiga, jijiyoyin gefe su dinga guga, tafiya a gona ko kan tsakuwa ta zama azaba. Irin waɗannan masu jinya sun fi komawa asibiti daga baya don a daskarar da gaɓar, wato a haɗe ƙasusuwanta su daina motsi.

Amma matsalar tiyata fata ce. Fatar gefen dunduniya siririya ce, jininta kaɗan. Shi ya sa likita ke jira, sau da yawa kwana 10 zuwa 14, har fatar ta yi tamoji in an lanƙwasa ƙafa. In aka yanka da kumburi, ɗinki na iya buɗewa, ƙarfe ya fito fili, ƙwayoyin cuta su kama ƙashi. Mai shan taba, mai ciwon sukarin da bai daidaita ba, da wanda jini ba ya isa ƙafarsa sosai, su ne suka fi shiga wannan hali, kuma gare su jinya ta fi aminci. Wani bincike a Birtaniya da aka wallafa a 2014, kan mutum 151, bai ga bambanci tsakanin tiyata da jinya a ciwo ko aikin ƙafa ba bayan shekara 2, sai dai waɗanda aka yi wa tiyata sun fi samun matsalar rauni. Sai dai binciken bai haɗa da masu mummunar karkacewa ba.

Wurare biyu ba a jira: ƙashi ya huda fata, ko ɓallen ƙashi ya tokare fatar bayan dunduniya har ta yi fari. Wannan aikin gaggawa ne.

Kafin ka amince, tambayi likita ko za a iya ƙaramin yanka a ƙasan idon sawu, wanda ya fi saurin warkewa, kuma ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da ƙarfen da gashin ƙashi.