Google Scholar a hannun mai binciken ƙwaƙwalwa: amfaninsa da inda yake kuskure

Ɗalibanmu masu karatun ƙwaƙwalwa da aikin sassan jiki a kwalejin likitanci ta Idi-Araba, nan Legas, sukan leƙa Google Scholar, shafin intanet mai tattara takardun binciken masana da yawan ambaton da aka yi musu a wasu takardu, kafin su zaɓi malamin da zai duba bincikensu. Shafin kyauta ne, yana da sauri, amma lambobinsa sai an tace.

Abin da ya fi jan ido shi ne ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya ƙirƙira a 2005. In ka ga 15, malamin yana da takardu 15 da aka ambaci kowace aƙalla sau 15. Ka fi mai da hankali kan layin shekaru biyar na baya-bayan nan, don shi ke nuna ko ana ambaton takardunsa har yanzu.

Matsalar tana wajen sunaye. Mu Hausawa Abubakar da Muhammad sun yi mana yawa, don haka idan aka bar shafin yana ƙara takardu da kansa, sai ya jingina wa masanin jijiyoyi takardar wani mai binciken takin zamani, lambar ta kumbura. Maganinsa, in kai ma kana da shafinka a can: ka kashe ƙarin kai-tsaye, ka tabbatar da shafinka da imel na jami'a, ka haɗe takardun da suka fito sau biyu, sannan ka yi rajistar ORCID, lambar shaida da ke bambanta mai bincike da masu irin sunansa.

Shafin kuma yana ƙirga ambaton da mutum ya yi wa kansa, babu hanyar cirewa. Scopus, wani shafi makamancinsa, yana cirewa, sai dai cikakkensa na kuɗi ne.