Daga Ingila: yadda nake neman tiyatar jijiyar da ta matse a cikina

Yaya, ina gaisuwa da fatan kowa lafiya. Na san a wajenku wanda ya shigo Turai da ciwo an ɗauka ya gama warkewa. Na'urori kam akwai su, ba ƙarya. Amma ciwo irin nawa sai likita ya kawo shi a ransa kafin ya neme shi, kuma ko a nan ba kowane likita ke kawo shi ba.

Sunansa a taƙaice da Turanci MALS, wasu su ce ciwon Dunbar, sunan likitan Amurka da ya yi rubutu a kansa a 1965, shekara biyu bayan wani likita mai suna Harjola na ƙasar Finland ya yi nasa rubutun. Akwai wata igiyar nama mai tauri a ƙasan tantanin da ya raba ƙirji da ciki. A jikin wasu sai ta sauko fiye da kima, ta danne jijiyar jinin da ke ciyar da tumbi da hanta da saifa, ta haɗa da jijiyoyin ji da ke kewaye da ita. Ki ci abinci, can anjima ciwo ya turnuƙe ki a ƙahon zuci, ga tashin zuciya, ga rama. A hankali mutum ya koma tsoron abinci. Ya fi kama mata masu ƙuruciya, shi ya sa ake saurin cewa olsa ce, ko damuwa, ko yarinya na gudun ƙiba. Ni ma wani likita ya taɓa tura ni wajen masu duba ƙwaƙwalwa.

A nan Ingila kuɗi ba shi ne matsala ba. Mu masu biza muna biyan harajin lafiya fam 1,035 a shekara, daga nan ganin likita da hoto da tiyata duk ba a karɓar ko sisi, sai magani da ake biyan fam 9.90 kan kowane guda. Abin da ake biya da shi lokaci ne. Ba ki isa ki je wajen ƙwararre kai tsaye ba, sai likitan unguwa ya rubuta takarda. A ƙa'ida mako 18 ne tsakanin takardar da fara magani, amma wannan ciwo sai an kore sauran cututtuka kafin a ambace shi. A zura kyamara ta baki, a duba matsarmama, a ɗebi jini, kowanne da layinsa.

Gwajin da ya gano nawa kuwa ba wani mai tsada ba ne: sikanin Dopla, wanda ke auna gudun jini. Sirrin kawai a auna lokacin da kika ja numfashi, a sake aunawa lokacin da kika fitar, domin a fitarwa ne igiyar ke ƙara dannawa. Idan gudun ya haura santimita 200 a daƙiƙa, sai a yi hoton CT na jijiyoyi, a ga jijiyar ta lanƙwashe kamar ƙugiya.

Ko da hoton a hannu, likitocin nan ba sa rawar jiki wajen yanka, kuma na ga dalilinsu. Mutane da yawa suna da wannan matsewar a hoto alhali lafiyarsu ƙalau, kuma akwai waɗanda aka yi wa aikin ciwon ya dawo. Saboda haka aka fara yi mini allurar kashe jijiyoyin ji na wurin na ɗan lokaci a ga ko zan ci abinci lafiya. Na ci, Alhamdulillahi, sannan aka sa ni a layin tiyata. Ta ƙananan huji za a shiga da kyamara, a yanke igiyar, a share jijiyoyin ji da ke kewaye. Ɗan bututun da ake sa wa jijiyar jini don a buɗe ta shi kaɗai ba ya yi, igiyar na iya murƙushe shi.

A zaurukan marasa lafiya na intanet nake jin na sauran ƙasashe. A Jamus an fi samun ƙwararre da sauri, mai inshorar gwamnati kuma yuro 10 yake biya kan kowace kwana a asibiti. Amurka ta fi yawan likitocin da suka saba da aikin, sai dai can kamfanin inshora ne zai amince tukuna, yana kuma iya cewa likitan da kika zaɓa ba ya cikin jerinsa. Ni dai na gwammace layin nan da wannan ciniki.

Batun 'yar ƙawarki da kika ce alamominta sun yi kama da nawa, kada su sayar da komai tukuna. Baƙon da ya zo jinya Ingila kashi 150 cikin ɗari na kuɗin aikin ake cajinsa, kuma kafin a taɓa shi. Su fara neman likitan jijiyoyin jini a inda suke, su roƙi Dopla na ja da fitar da numfashi. Idan an yi CT, su karɓi faifan hoton kansa, domin likitocin waje ba sa yanke hukunci da takardar rahoto kawai. Duk wanda zai yi mata aikin kuma su tambaye shi irinsa nawa ya taɓa yi, da yadda mutanen suka kasance bayan shekara guda.